Illiya Mai Gilashi da Gadon Hajiya Shatu

Da an idar da sallar asuba, Illiya Mai Gilashi yakan zauna a ƙofar gidansa a nan Zongo ya sha kunu, sannan ya ɗaure kaya a bayan tsohuwar mobilet ɗinsa, wato ƙaramin babur: barguna da suka sha jiki, fayafayan roba masu kama gilashi, da siraran ƙarafa a jakar fata. Ba ya gudu. Samari na wuce shi a hanyar kasuwar Rood Woko suna masa tsiya, wai jaki ma ya fi shi sauri, shi ko sai ya ɗaga musu hannu.

A watan nan ya ce zai ajiye aiki, don hannunsa ya fara rawa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na koyar a lakkwal, wato makarantar boko, har na tsufa, kuma littattafan da muka karantar ba su san yabon kowa ba sai wanda ya gina abin nunawa da yatsa. Ban taɓa gamsuwa da haka ba. Aikin Illiya in ya yi kyau, ba a ganin alamar an yi shi.

Maginanmu suna yin ƙofa matsattsiya, kayan ɗakin zamani kuwa kullum ƙara girma suke. In kujera ko firiji ya ƙi shiga, wasu su fasa bango, wasu su sa zarto. Illiya sai ya zare gilashin taga, ya cire ƙarfen da ke riƙe da shi, a shigar da kaya, ya mai da komai mazauninsa. Haka ya shigar wa Zuhura mai sayar da zoɓo babban firijinta, bayan ya yini a rana tana zagaye shi kamar za ta yi kuka.

Amma abin da unguwa ba za ta manta ba shi ne gadon Hajiya Shatu.

Ɗanta Rafi'u direban babbar mota ne a hanyar Lome. Ya daɗe yana roƙonta ta baro Damagaram, inda take zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Ya gina mata ɗaki mai babbar taga tana kallon tsakar gida, ya sa gilashi mai ruɓi biyu, wato gilasai biyu a manne da iska a tsakaninsu, don kada zafi ya dame ta. Da kansa ya ɗauko shi daga bakin teku, kuma in ya fashe sai an yi watanni kafin a sami irinsa.

Hajiya ta iso da gadonta na ƙarfe mai rumfa, wanda a kansa ta haifi 'ya'yanta duka. An taɓa yi masa walda, ba ya kwancewa. Ƙofa ta ƙi shi ta kowace fuska. Na'Allah mai walda ya ce a bari ya yanka shi gida biyu ya sake haɗawa. Ta dube shi sama da ƙasa, ya tattara kayansa. Ta ce wa ɗanta in gadon bai kwana a ciki ba, motar da ta kawo su ita za ta mai da su. Da ma, in ji ta, ba ta zo ta zama kaya a gidan kowa ba.

Da aka ambaci taga, matan unguwa da suka zo yi mata sannu da zuwa suka ce ba a shigar da gado ta taga, ba kyau, mai shi ba ya daɗewa a kai. Ina wurin. Na tambaye su inda suka samo wannan, kowacce ta ce wurin kakarta. Kakanninmu kuwa tagoginsu ko kaza ba ta iya bi, ban san ta yaya suka gwada ba. Amma maganata ba ta yi amfani ba. Hajiya ta fara ɗaure ƙullinta, Rafi'u ya jingina da bango.

Illiya bai yi gardama da kowa ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi hanya da mutanen Damagaram, ya nemi izinin ya zare gilashin kawai ya duba. Ya manna fayafayansa, ya ɓamɓare siraran sandunan gefe ɗaya bayan ɗaya, shi da Rafi'u suka sauke gilashin a kan katifa a tsakar gida. Sai ya jawo wa Hajiya kujera kusa da gilashin.

"Inna, a taimake ni," ya ce. "Abin nan ko gefensa ya bugu ya lalace, kuma ni hankalina zai koma kan aiki. Duk gidan nan ban ga wanda za a ji tsoronsa ba sai ku."

"Kai da furfurarka, ni za ka sa gadi?"

"Furfurar banza ce, Inna. Ba mai jin maganata."

Ta yi tsaki, amma ta zauna, ta ɗora sandarta a cinya. Akuya ta matso, ta sha duka. Mai ruwan leda ya shigo, aka kore shi. Matan da ke maganar rashin kyau suka matso su ci gaba da yi mata bayani, ta ce su ja baya, zannuwansu na taɓa gilashin yaron nan. Suka ja har bakin zaure, inda ba ta jin su. Can sai ga ta tana ba majiya ƙarfin da ke ɗauke da gadon umarni: a karkata, a sa ƙafa tukuna, wancan mai jar riga ya daina riƙe rumfa kamar ya kama ɓarawo. Illiya ya naɗe kawunan gadon da bargo, yana ciki yana karɓa, yana cewa, "Yadda Inna ta ce." Gado ya shige ko ƙwarzane babu. Aka yi guɗa, har da waɗanda suka ce ba kyau.

Da ya mai da gilashin ya goge, ta ce masa akwai sauran shatin yatsa a kusurwa. Ya koma ya goge. A daren nan ta kwana a gadonta, kuma yau shekarunta ke nan a cikinmu, ba a suna ko biki a layin sai an nemi shawararta.

Daga baya na gane ba ranar ya fara ba. Duk gidan da ya shiga, yakan nemi dattijon da aka bari a gefe ya danƙa masa tsaron gilashi. Na tambaye shi ko dabara ce. Ya ce gilashi dai dole a tsare shi, kuma tsofaffi sun fi kowa iyawa.

Illiya, kai ne ka shiga ɗakunan mutane ka ga sirrinsu, ba mu taɓa jin ko ɗaya a bakin titi ba. Kai ne ka hana a fasa bango, ka hana uwa juyawa ta bar ɗanta. Mai hannun sanyi, mun gode. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku kuma masu tasowa, ku je ku koyi zare gilashi a wurinsa tun yana da ƙarfin nunawa. In kun shiga gida aiki, ku duba wa aka bari zaune a gefe, ku jawo masa kujera kusa.