Na Kira Su Ɓarayi Alhali Gidan Maƙwabci Suke Wankewa

A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kasuwa ne a Guangzhou, ina sayo jakunkunan mata a kasuwar Shiling ina tura wa yayana a Kano. Bayan kasuwancin kuma ina da shafi da nake ɗora bidiyo, ina nuna wa mutanen gida yadda ake rayuwa a nan. Da mabiya suka yi yawa aka fara ce min ɗan jarida, ni ma na yarda. Ban taɓa koyon aikin ba, waya ce kawai a hannuna da baki mai daɗin bayani. Sinancin da na iya bai wuce gaisuwa da godiya da ciniki ba.

Akwai wani direba Basine da ke kai ni Shiling, mutum mai haƙuri, ba ya kirana da komai sai lawban, wato maigida. A daminar wata shekara mahaukaciyar guguwar teku ta faɗo gaɓar kudu. Mu da ke unguwar Xiaobei ƙarshenta kawai muka gani, amma ko shi ya isa mutum ya tuna Mahaliccinsa, don benen da muke ciki sai da ya riƙa kuka kamar mai rai. Mutanen gida suka dame ni da tambayar halin da tashar jiragen ruwa ta Nansha take ciki, saboda kwantenoninsu. Kwana biyu bayan ta lafa na roƙi direban ya kai ni. Ya ce ba za a bar mu shiga tashar ba, amma ƙauyensu yana can bakin ruwa, shi ma yana son ganin yayarsa, in ina so mu je tare.

Abin da na gani a hanya har yau ban iya kwatanta shi daidai. Manyan itatuwa a kwance, saiwoyinsu sun ɗago kwalta sun fi motarmu tsayi. Gonakin ayaba duk sun kwanta fuska ɗaya kamar an shafe su da tafin hannu. Na ga jirgin kamun kifi zaune daram a tsakiyar gona, nesa da ruwa, ko karkacewa bai yi ba. Bakina bai daina tasbihi ba har muka isa. Direban ya shiga neman yayarsa, ni kuma na bi wani lungu da wayata. Nan na ga ƙofar wani gida a ɓalle, mutane suna fitowa da kaya da sauri: firji, katifa, tukwane, akwatin ƙarfe. Wata mata mai takalmin roba tana tsaye tana nuna musu inda za su kai. Ban tambayi kowa ba. Na matso da fuskarta sosai a kyamarar wayar, na ce da Hausa ga ɓarayi nan suna kwashe gidan bayin Allah da rana tsaka, ga kuma shugabarsu. Kafin mu dawo gari na ɗora bidiyon.

Bidiyon ya yaɗu fiye da duk wanda na taɓa yi, ina ta jin daɗi. Bayan 'yan kwanaki na kira direban bai ɗauka ba, na sake kira shiru. Sai wani dattijo ɗan Ghana mai aikin tura kaya, wanda ya daɗe a ƙasar kuma yana jin yarensu, ya aiko a kira ni ofishinsa. Ya ce direban ya ga bidiyon a wayar wani fasinja, ya gane lungun, ya kawo masa don ya fassara, shi kuma bai ɓoye masa komai ba. Sannan ya dube ni ya ce, “Ɗana, ka san matar da ka kira shugabar ɓarayi? Yayarsa ce. Ita ta raine shi.” Na ce, “Baba, yaya zan yi?” Ya ce in goge, sannan in shirya, shi da kansa zai raka ni in faɗa mata da bakina.

Kimanin kwana goma bayan zuwana na farko muka koma, na kasa gane ƙauyen. An yanka itatuwan da suka faɗi an jera gungumen, waɗanda suka tsira an tokare su da sanduna. Taɓon da na bari ya kai gwiwa a lungunan babu shi. Jirgin nan na gona ya koma ruwa, dattijon ya tambayo aka ce a kan gungume suka mirgina shi da igiya, maza da mata. Tsofaffi suna zaune a inuwa suna ɗinke raga. Ba hayaniya, kowa ya san abin da ke gabansa.

Mun sami matar a bakin tafkin kifi ana gyara bangonsa, ƙanenta yana gefe ya ƙi kallona. Na faɗi abin da na yi ba tare da ragewa ba, dattijon yana fassarawa. Da na gama ta ce mu biyo ta. Gidan nan ta kai mu. Ashe na wani tsohon masunci ne da ke zaune shi kaɗai, an ɗauke shi kafin guguwar, daga can ciwo ya kai shi asibiti. Maƙwabta suka ga in taɓon ruwan gishiri ya bushe a ciki komai zai lalace, sai suka ɓalle ƙofar, suka fara da gidansa kafin nasu. Kowane kaya sun rubuta masa lambar gidan da alli, suka wanke, suka shanya, suka mayar inda yake. Akwatin ƙarfen da na nuna a bidiyon hotunan marigayiyar matarsa ne a ciki. Ita wannan da na zaga ita ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ta shanya a kan raga, yayin da nata ɗakin ke cike da laka. Tsohon yana zaune a ƙofarsa sabuwa, ya miƙo min hotunan yana murmushi. Bai san abin da na yi ba, ba wanda ya gaya masa. Na riƙe su, hawaye ya hana ni ganin fuskar da ke ciki.

Da na roƙe ta gafara, ta ce mutanen ƙasarmu ba su san ta ba, ita ma ba ta san su ba, wannan bai hana ta barci ba. Abin da ya dame ta shi ne ƙanenta, da ya kawo baƙo garinsu da zuciya ɗaya, yanzu ba ya iya ɗaga kai a cikin mutane. Ta ce shi zan roƙa. Daga nan ta miƙo min shebur. Na yini ina kwasar laka tare da su. Da rana ta kawo min kifi da shinkafa, ta nuna min tukunyar da ta dafa sabuwa ce, tana cewa meyo, wato babu, tana kwaikwayon hancin alade, don ƙanenta ya gaya mata abin da ba na ci.

Na yi wani bidiyon na faɗi gaskiya, amma waɗanda suka kalle shi ba su kai ko kusa da na farko ba. Na farkon kuwa, duk da na goge, wasu sun riga sun kwafe, har yau nakan ci karo da shi da muryata a ciki. Direban ya karɓi haƙurina, yana kai ni Shiling kamar da, amma bai ƙara ambata min ƙauyensu ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba.

Na je kallon ikon Allah a kan itatuwa da jiragen ruwa, na dawo na fi mamakin abin da Ya sa a zukatan mutanen da na raina. Ina roƙon 'yan'uwana masu ɗaukar bidiyo, musamman a ƙasar da ba ku jin yarenta, ku tsaya ku tambaya kafin ku yi magana a kan abin da ido ya gani. Da na yi taku biyar na kira direban, da ban ɗauki alhakin baiwar Allah ba. Ita ta yafe min, amma a wayoyin mutanen da ba zan taɓa sani ba har gobe ɓarauniya ce, kuma ni na faɗa.