Inna da Tsutsar Jakuna

Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ba ta taɓa tsammanin za ta ƙare da kiwon jakuna ba. Aikin mijinta ne. Bayan gidanmu akwai wani fili mai katanga, da doguwar rumfar kwano da turaku a jere, inda masu amalanke ke ɗaure dabbobinsu idan sun tashi daga jigilar yashi da bulo. Jakuna sun fi yawa, sai alfadarai, sai wasu tsofaffin dawakai. Da Allah ya yi wa surukina rasuwa, sai filin ya faɗo hannun Inna, domin maigidana direban babbar mota ne, bai cika zama a gari ba. Ni kuwa tela ce, kekena yana bakin tagar da ke kallon filin, shi ya sa kusan komai a kan idona aka yi.

Da farko iyakacinta ta buɗe ƙofa da safe, ta rufe da yamma, tana toshe hanci da bakin mayafi. Kashin dabbobi ya taru har ya zama tudu, a kansa ake zuba musu ciyawa, a kansa suke ci. Haka ta tarar, haka ta bari.

Marigayi ya bar wata jaka mai sanyin hali da yake kira Shiru. Ita kaɗai Inna ke kulawa da ita, saboda mai ita. Da damina ta yi nisa sai Shiru ta fara ramewa. Inna ta ƙara mata dusa, tana cinyewa tas, amma haƙarƙarinta sai ƙara fitowa yake, ciki ya yi tulu, gashi ya yi buzu-buzu. Wata safiya muka ji ana ƙwala wa Inna kira. Shiru ce a ƙasa tana birgima, tana waiwayen cikinta, gumi ya jiƙa ta. Kafin likitar dabbobi ta iso, rai ya yi halinsa.

Likitar matashiya ce, 'yar siririya, da takalmin roba har gwiwa. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce, "Mama, in kin yarda zan buɗe cikinta. Abin da ya kashe ta yana iya kasancewa cikin sauran."

Mazan da suka taru suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ja kujera ta zauna. "Buɗe, 'yata. Gani ya kori ji."

Ni ban iya tsayawa ba. Daga baya Inna ta ce mini hanjin cunkushe yake da tsutsa, wasu farare dogaye kamar igiyar takalmi, wasu jajaye sirara sun manne a jikin hanjin. Ta ce, "Ashe duk dusar nan ba Shiru nake ciyarwa ba. Baƙi nake yi wa hidima."

Likita ta yi mata bayani. Tsutsar tana yin ƙwai a ciki, ƙwan ya fito cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a danshi, dabba ta sake haɗiye shi tare da ciyawar da aka zuba a ƙasa. Magani yana kashe na ciki, amma muddin filin yana yadda yake, kamar mai kwalfar ruwa ne a jirgin da ya huje. Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin ƙwai a kashin jaki ba, kuma idonta lafiya lau. Likita ta yi dariya, ta ce ta zo ofis da ɗanyen kashi ta gani.

Ta kuwa je. Ta ɗaure shi a leda, ta sa a jakar hannunta ta zuwa unguwa, ta shiga motar haya. Ta dawo tana ba mu labarin yadda fasinjoji suka yi ta hararar wani bawan Allah da ke kusa da ita, ita kuma ta taya su harara. Amma da ta zo kan abin da ta gani a madubin likita mai ƙara girman abu, sai ta daina dariya. "Ga su nan reras, kamar an shanya tsaba. A ɗan abin da bai kai kan tsinke ba!"

Washegari ta ɗaura ɗamara, ta ɗauki shebur da baro. Ta kwashe tudun nan kaf, ta kai bayan katanga inda rana ke dukansa. Ta sa mai walda ya raba tsofaffin durom gida biyu, ya yi musu ƙafafu, aka daina zuba ciyawa a ƙasa. Ta ware wani lungu, ta ce duk sabuwar dabba a nan za ta zauna sai an duba ta an ba ta magani. Sannan ta kafa doka: kowa ya kwashe na dabbarsa kafin ya ɗaura amalanke.

Masu amalanke suka yi gunaguni, suka sa mata suna Sarauniyar Kashi. Ta ce ta karɓi sarautar, kuma talakawa su kawo shebur.

Wanda ya fi ba ta wahala ƙanen mijinta ne, Baffa, mai wani jan alfadari da yake ji da shi kamar ɗan fari. Tun tana amarya suke tsokanar juna.

"Matar Yaya," in ji shi, "yaushe kika zama likita? Tun kafin ki san hanyar gidan nan nake da dabba. In ciki ya dame shi, baƙin mai nake ɗura masa, ya wanke komai."

"To alfadarin naka injin niƙa ne?"

"Ni dai ba zan tsufa ina bin bayan dabba da shebur ba."

"Ai kuwa sai ka nemi wani turken."

Ya zaci wasan da suka saba ne. Da yamma ya dawo ya tarar ta cire masa turke. Abin ya yi masa zafi, ya ja alfadarinsa ya koma wani kango can bayan makera. Dangi suka yi ta zuwa ba ta baki, wai filin ɗan'uwansa ne. Ta ce, "Gida nasa ne, ya shigo ya ci ya sha. Amma ba zan bar dabba ɗaya ta shuka wa sauran ciwo ba." Na san abin ya dame ta, don kullum sai ta sa an ajiye masa abinci, ko da ba ya zuwa.

Ana nan sai ta gano wata matsalar. Masu amalanke suna sayen sirinji ɗaya na maganin tsutsa su raba wa jakuna uku. Likita ta ce wannan ba kashe tsutsa ba ne, horar da ita ne, gobe ko an ba ta cikakke ba za ta ji ba. Dole a ba kowace dabba daidai nauyinta. Ba mu da sikelin da zai ɗauki jaki, sai likita ta koya mata auna ƙirji da tsawon jiki, daga nan a ƙiyasta nauyin. Inna ta leƙo tagata.

"'Yar nan, ara mini tef ɗinki."

"Inna, na auna kayan mutane ne fa."

"To jakunan nan ba su ke kawo wa mutanen yashi ba?"

Ban sake ganin tef ɗin ba. Ta rataya shi a wuya kamar babbar tela, tana bin jakuna tana aunawa, masu su suna tambaya ko riga za a ɗinka musu. Hannunta kuma bai tsaya nan ba. Takan ɗaga leɓen dabba ta duba dasashi, in ya yi fari ta ce jini ya yi ƙasa. Takan laluba kunne da ƙarƙashin wutsiya ta cire kaska. Ƙananan ƙwan ƙuda masu ruwan ɗorawa da ke mannewa a gashin ƙafa, da tsohuwar reza take kankare su. Abin da ya fi ƙarfinta ba ta yi masa kame-kame, likita take kira.

Kafin wata daminar, dabbobin sun murmure. Gashi ya kwanta, gudawa ta ragu, masu amalanke suka daina rasa ranar aiki. Masu lambu ma suka fara zuwa neman takin da ya ruɓe a bayan katanga.

Sai ga matar Baffa wata rana da hantsi, ko takalmi babu. Jan alfadari ya faɗi. Inna ta kira likita, ta yafa mayafi, muka bi ta. Muka tarar da Baffa zaune a ƙasa, ya ɗora kan alfadarin a cinyarsa, yana kuka irin na manya, marar sauti. Inna ta riƙe wuyan dabbar, likita ta yi allura, suka lallaɓa shi ya miƙe, ta yi ta zagayawa da shi cikin rana har cikin ya saki. Ya rayu, sai dai bai sake jan kaya mai nauyi ba.

Da la'asar Baffa ya biyo mu yana jan alfadarin. A bakin ƙofa ya tsaya, ya kasa haɗa ido da ita.

"Matar Yaya..."

"Lungu," in ji Inna. "Sabon zuwa ne."

"Alfadarin da aka haifa a filin nan?"

"Har kai ma da zan samu dama da na auna ka."

Ya yi dariya da jan ido, ya kai shi lungun, ya nemi shebur da kansa.

Bara gwiwa ta matsa wa Inna, aka kwantar da ita a asibiti aka yi mata aiki. Ni ke jinyarta. Masu amalanke suka zo dubiya, sun yi wanka sun sa kayan kirki, suka jeru a bakin gado kamar 'yan makaranta. Ko gaisuwa ba a gama ba ta fara tambayar lafiyar jakuna.

"Gudawar Gajere ta tsaya?"

"Ta tsaya, Inna."

"Baƙa fa, har yanzu tana soshe-soshe a jikin bango?"

"Ta daina."

"Mai Kunne yana cin abinci? Ku duba masa dasashi, kada ku ce mini lafiya alhali ba ku duba ba."

Wata nas da ke gyara ƙarin ruwa a gadon kusa ta juyo, tausayi ya cika mata fuska. "Mama, duk jikokinki ne ba su da lafiya haka? Ai da kin ce a kawo su mu duba."

Baffa ya toshe baki da hula. Inna ta dube ta da kyau, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma ƙofar nan taku ba za ta ɗauke su ba."

Bayan sun tafi ta sa na ɗaga mata filo, ta tambaye ni yaushe likitan ƙashi ya ce za ta iya tura baro.