Ƙwayoyin da Anti Ta Riƙa Ba Ni

Shekarata biyu ina shan sinadarin mata na estrogen lokacin da kwaɗayin progesterone ya kama ni. Sunan namiji aka raɗa mini a Kafanchan, sai da na zo Landan na fara shan maganin da zai daidaita jikina da macen da na san ni ce. Fata ta yi laushi, ƙirji ya ɗan tasa, daga nan ya tsaya cak. Masu irin tafiyata kuwa sun cika mini kunne da labarin wannan sinadari na biyu, wai yana cika nono, yana kawo barci mai daɗi. Na kai maganar gaban likita. Ya ce hujjar ba ta da ƙarfi, wasu sun ce ya taimake su, wasu ya dagula musu zuciya, shi dai ba zai rubuta ba. Har na isa tashar bas ina zaginsa a raina.

Anti na kai wa kukana. Ƙawar Mama ce tun suna makaranta, nas ce da ta yi ritaya, tana zaune a hawa na tara a unguwar Thamesmead. A duk mutanenmu ita kaɗai ce harshenta bai taɓa sarƙewa ba wajen ce mini "ke". Ta saurare ni tana gyaran alayyafo, ta ce ai ita ma ana ba ta progesterone tun da al'adarta ta ɗauke, za ta riƙa ɗibar mini. Duk farkon wata sai in hau bas daga Woolwich, in sha gwaten acha, in koma da ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa a wata 'yar roba marar takarda.

Allah ya sani, na ji suna aiki. Ina barci kamar an jibge ni, ƙirjina yana tsami, tsohuwar rigata ta fara kama ni. Ko gyatsa mai ƙarni da nake yi, Anti ta ce alamar magani yana ratsa jiki ke nan. Ni kuwa, uwar sani, har wasu nake ba shawara.

Bayan wata takwas na samu wata likita mai zaman kanta da ta yarda mu gwada bisa ƙa'ida. A kemis na buɗe kwalin, sai na ga 'yan ƙwayoyi farare, ƙulu-ƙulu. Na zaro na Anti daga jaka na nuna wa mai kemis ɗin. Ta fasa ɗaya da farce, ta sansana, ta miƙo mini. Ƙarnin kifi ne ya doki hancina.

Da na je na tunkari Anti, ba ta musa ba, ko ludayin hannunta ba ta ajiye ba.

"Man kifi ne, 'yata. Ba ya kashe kowa."

Ta ce Mama ce ta kira ta tana kuka, ta roƙe ta ta tare abin kafin jikina ya kai inda ba ya dawowa. Ta kasa ƙin ƙawarta, ni ma ta kasa korata, shi ne ta nemi tsakiya. Da a nan ta tsaya, wataƙila da na yafe. Sai ta juyo ta dube ni da tausayi.

"Amma ba ke kika ce kina barci ba? Ba ke kika ce sun ciko ba?"

Ni na faɗa. Da bakina, a kan kujerar nan, ina murna, ita kuma tana taya ni. Na ɗauki jakata na sauka ta matakala, don ba zan iya tsayawa jiran lif a ƙofarta ba. Ban sake komawa ba, kuma har yau idan na tuna raina yana tafasa.

Yanzu watana uku a kan na gaskiyar. Makon jiya likitar ta tambaye ni ko na ga canji, ta ce a wannan maganin abin da na ji a jikina ne babban ma'auni. Ina barci, ƙirjina yana tsami, daidai yadda na ji a wancan karon. Ni ce na tsaya gaban Baba da dangi kaf na ce babu wanda ya fi ni sanin jikina, a kan haka na bar gida. Likitar ta riƙe biro tana jira. Na ce mata ban sani ba.