Ragar Bakin Famfo a Bin Omran

Shekaru sun ja, na gama karatu na dawo gida, amma akwai abin da ya faru da ni a Doha wanda ba na jin zai bar raina har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin korona ne. Ina karatun digiri na uku, ina zaune a wani gidan haya a Bin Omran, mu kusan ashirin a bene ɗaya. Mai gyare-gyaren gidan wani dattijo ne Kirista daga wajen Jos, muna ce masa Baba. Shi ya fara nuna mini shagon da ake samun garin tuwo a unguwar.

Ana cikin kulle sai kamfanin da ke da gidan ya ji za a yi wa masu gidaje rangwame idan suka sa kayan tsimin ruwa. Aka ba Baba aikin. Kwana uku yana bin ɗakuna da takunkumi a fuska, yana canza kawunan shawa, yana ɗaura wata 'yar raga a bakin kowane famfo. Ruwan ya koma zubowa kamar yayyafi. Ga zafi, ga zaman ɗaki wuni guda, abin ya ba ni haushi. Na ɗauko filaya na cire na banɗakinmu, har na nuna wa maƙwabta yadda ake yi. Kafin mako ya zagayo rabin benen sun cire nasu.

Baba ya tare ni a bakin matakala. "Malam, don Allah ku mayar. Za a zo dubawa, kuma ni na sa hannu cewa an saka." Na ce, "To Baba, gobe in Allah ya so." A raina kuwa cewa na yi, wa zai shigo gidan mutane cikin annoba don duba famfo?

Masu dubawa suka zo wata rana da hantsi, aka hana kamfanin rangwamen. Manajan gidan ya tara mu a fili, kowa nesa da kowa, ya nuna Baba ya ce sayar da kayan ya yi, sannan ya yi ƙaryar ya saka. Baba ya amsa a hankali cewa da hannunsa ya ɗaura su. Bai ambaci kowa ba. Ya dai ɗago kai ya dube ni sau ɗaya. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don duk wanda ya taɓa kayan gida tashinsa ake yi, ga shi a lokacin ba mai karɓar sabon ɗan haya. Na sunkuyar da kai. Manajan ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare, ya juya.

Kwana tara ina fama da zuciyata. Da abinci ya gagare ni, na zuba kayan da na cire a leda na tafi ofishin kamfanin a West Bay, na faɗi gaskiya duka. Suka saurare ni, sannan suka ce an makara. Kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin zaman Baba a ƙasar, ya riga ya soke takardar zamansa, an sa sunansa a jirgin masu komawa gida.

Na same shi yana ɗaure jaka. Na durƙusa na ce, "Baba, ni na jawo maka. Ka yafe mini." Ya ce, "Na sani, Malam. Tashi, na yafe. 'Yata ce kawai ke damuna, saura mata shekara ɗaya ta gama makarantar jinya."

Da gasar cin kofin duniya ta matso, Doha ta cika da aiki, ana neman masu gyara ko'ina. Na yi ta yawo har na samo masa gurbi a wani otal, na buga masa waya cike da murna. 'Yar ce ta ɗauka. Ta ce ya rasu tun damina, bayan doguwar jinya, ita kuma ta bar makaranta tana tsaron shagon magani. Har godiya ta yi mini, wai Baba yakan ce ni yaron kirki ne.

Daga baya Allah ya ba ni ikon mayar da ita makaranta, amma ban taɓa ɗaukar hakan ya share abin da na yi ba. Abin da na koya shi ne, idan ana zaluntar mutum a gabanka kuma maganar da za ta cece shi tana bakinka, a take ake faɗa. Tawa na riƙe ta kwana tara, kuma da na faɗa, ni kaɗai ta sauƙaƙa wa.