Inna Safara'u da Jariran da Ba Su Kai Suna Ba

Kowace ranar awo, da gari ya waye, Inna Safara'u kan bi gidajen Ɗanzomo da rugagen kewaye tana tattara masu ciki. Ba ita ke yin allura ba. Ungozoma ce, aikinta ta kai mace gaban malamar asibiti, ta tsaya a kanta har a yi mata rigakafin tsinkau-tsinkau. Bana gwiwa ta ƙi, dole ta ajiye aikin.

Ta san cutar tun kafin ta san sunanta. Haka 'ya'yanta biyu na fari suka tafi: jariri lafiya lau, sai ya saki nono, baki ya ƙage, jiki ya sandare.

Akwai wani makiyayi, Sajo, da ya hana matarsa Husainatu allurar, don ya jiyo a kasuwar Maigatari wai tana tsayar da haihuwa. Safara'u ta yi ta zarya har ya ce in ta sake taka masa ruga zai sakar mata kare. Husainatu ta haifi namiji. Rago na ɗaure ana jiran suna, yaron ya sandare, ya rasu. Safara'un nan dai aka aika wa, ita ta yi masa wanka ta naɗe shi a ƙyalle. Matan da ke wurin sun ce ko sau ɗaya ba ta ambaci allura ba. Da za ta tafi, Husainatu ta riƙe mata bakin zane.

"Inna, da na bi ki, da yana nan?"

"Rai na Allah ne, 'yata. In kin sake samu, ki aiko mini."

Da wani ciki ya sake zuwa, Sajo da kansa ya ɗora matar a amalanke ya kai ta asibiti. Wannan karon an ci suna.

Inna, ke ce kika sha zagi a ƙofar gidajen da daga baya kika shiga yi musu ta'aziyya, ba ki taɓa goranta wa kowa ba. Mun gode, Allah Ya saka miki.

Har yau ba a sami mai gadonta ba. Maigida, in matarka na da ciki, kai ta awo da kanka. A gefen maƙabarta, inda ake binne ƙanana, damina ba ta ƙarewa ba a yi sabon tono ba.