Gilashin Inna da Gida Mai Lamba Tara

Da na gama ginina a sabon fegin da aka yanka bayan garin Gummi, na ɗauko Inna daga tsohon gidanmu na dawo da ita wurina. Unguwar tamu ba layi mai suna, ba gida mai lamba. A cikin gari ba a buƙatar wannan, faɗi sunan kakanka kawai, ko akuya ta kai baƙo ƙofarku. Mu kuwa tarin tsintsiya ne: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, da waɗanda zinaren Bagega ya yi wa rufin kwano.

A shekarar ne idon Inna ya dushe. Matar da ke sauke Alƙur'ani kowane azumi tun ina goye, sai ga ta tana shafa shafin da hannu tana hawaye. Ƙanwata da ke aikin jinya a Kaduna ta kai ta aka auna idon, aka ce a jira gilashi. Da ya fito ta ƙi ba direban tasha, wai kada a danne shi da buhun albasa. Ta aiko ta gidan waya, da cikakken sunana a jiki.

Sha'aban ya kama, ya raba tsakiya, shiru. Ni mutum ne mai saurin hawa, na je gidan waya da faɗa a bakina. Mai raba saƙon, wani dattijo mai tsohon babur, ya bar ni na gama kumfata.

"Malam, na zo unguwarku har na gaji," in ji shi. "Kowa nit tambaya sai ya ce bai san ka ba. Har wani gida mai koren ƙyaure niy yi sallama, wata tsohuwa tac ce in ƙara gaba."

Koren ƙyaure ɗaya ne a unguwar, kuma nawa ne.

Maƙwabta ban ga laifinsu ba. A wancan lokacin baƙo a kan babur ya tambayi gidan wani, ba mai nuna masa, kowa na tsoron ya zama sanadin kai wa 'yan bindiga mutum. Amma Inna? Na koma gida raina a ɓace.

"Inna, mi yas sa kic ce ba ki san ni ba?"

Ta kawar da kai. "Sunanka hwa yak kira, gatsal. In amsa in ce mi?"

Sai dariya ta ƙwace mini, ga kuma tausayi. Ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ko wani ya kira a gabanta sai ta yi kamar ba ta ji ba. "Wancan" take ce mini. Kunyar ɗan fari ta sa ta kori idonta da bakinta.

Da na so, da na karɓo kwalin a gidan waya an wuce wurin. Amma zuciya ta ɗebe ni, na rantse sai ya iske mu har gida kamar kowane ɗan gari. Bayan sallar Juma'a na tare mazan unguwa, na kuma aika wa malamin lissafin nan Kirista da ke ƙarshen layinmu, don shi ke da kyan rubutu. An sha gardama, kowa na son lamba ɗaya, har sai da muka bar wa masallaci ita. Muka sayi shuɗin fenti, muka bi gida gida. Nawa ya faɗo a tara. Washegari na je gidan waya na faɗa wa dattijon lambar.

Ana saura kaɗan a ga wata, na ji ƙarar tsohon babur a ƙofa. Na zauna a zaure na yi gum da gangan. Dattijon ya ɗaga murya, bai kira sunan kowa ba:

"Salamu alaikum, nan na lamba tara?"

Daga cikin gida na ji muryar Inna, da ƙarfin da ban san tana da shi ba: "Awo, nan na! Kawo!"

Ta saka gilashin a tsakar gida, ta buɗe Alƙur'aninta, baƙaƙen suka tsaya mata cak. Ta karanta shafi guda ba tuntuɓe. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, irin kallon da kunya ta hana ta shekara da shekaru.

"Ashe mai lamba tara ya yi hurhura," in ji ta.

Ta sauke a azumin nan. Kuma har ta koma ga Allah, da wannan sunan take kirana, a gaban kowa.