Mazagin Wandon Sa'idu

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen bazarar 1951. Hadari ya haɗu ta gabas tun hantsi, ya yi ta rugugi, ya watse ko ɗigo bai sauke ba. Malam Zarami, ma'aikacin ɗakin shan magani na Haɗejiya, ya yi abin da ya saba kowace safiya: ya yayyafa ruwa a rumfa, ya dafa allurai, ya wanke wa masu gyambo, sannan ya fara kiran masu jira. Yanzu da yake shirin ajiye aiki, kowa yana da labarin alherinsa. Amma abin da ya sauya masa hannun aiki, a wannan rana ya fara.

Cikin masu jira akwai Sa'idu, Bafulatanin wani ƙauye a fadama ta wajen Baturiya, mai 'yan shanu da gonar shinkafa. Zarami Babarbare ne, saboda haka tun daga ƙofa suka kama wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari.

"Bawana, a bai wa ubangidanka kujera," in ji Sa'idu.

"Kujera ta masu nauyi ce. Kai ko a kan kara ka zauna ba zai karye ba."

Da dariya ta lafa, Sa'idu ya ce ƙishi ne ya dame shi, da yawan zagayawa. Zarami ya ɗiga fitsarinsa cikin wani shuɗin ruwan magani, ya ɗora a kan fitila, ruwan ya koma ja kamar jar ƙasa. Ciwon sukari ne.

A Kano an koya masa cewa ciwon iri biyu ne. Akwai na yara, mai tsotse mutum, wanda ba ya jin komai sai allurar insulin kullum. Akwai na manya, mai bin shekaru da ƙiba, wanda ake lallaɓawa da rage ci. Sa'idu da gemunsa da iyalinsa, ya haura talatin. Zarami ya ce na manya ne, ya hana shi zuma da rake, ya ce a rage fura da tuwo. Sa'idu ya tafi yana cewa ashe dai shi ma ya shiga sahun manya.

Duk zuwan da ya yi gari bayan nan sai ya leƙo. Zarami ya ce yaya jiki, shi kuma ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Wa ya taɓa amsa wannan gaisuwa da wata kalma, balle Bafulatani, wanda faɗin ciwo abin kunya ne a wurinsa? Ramar da yake yi kuwa, babbar riga ta ɓoye rabi. Sauran rabin Zarami ya ɗauka alamar dokar ci tana aiki ce, har yakan tsokane shi cewa Fulani dama haka Allah ya yi su.

Damina ta yi nisa, Sa'idu ya daina zuwa. Matarsa Zaituna ce ta biyo da ƙwaryar nono a kanta, ta tsaya daga bakin rumfa tana kallon ƙasa. Ta ce maigidan ya ce a gaida Malam, da sauƙi. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"Malam, mazagin wandonsa sau biyu ina yanke shi. Yanzu zagaye biyu yake yi masa."

Ta ce tulu guda ba ya kai shi la'asar, numfashinsa kuma yana wani ƙamshi kamar na ɗinyar da ta nuna ta wuce. A makon nan likitan da ke zuwa rangadi daga Kano yana gari. Zarami ya kwashe duka ya gaya masa. Likitan ya ce akan samu babba da irin na yara, ba da yawa ba, kuma shi ma da ya gan shi ranar farko abin da zai faɗa ke nan. Ya ce allurar tana Kano, a kai shi ba tare da jira ba.

Kogi ya riga ya malale fadama, hanya ta nutse. Masunta sun ga Zarami ya naɗe wando ya shiga kwalekwale da kansa. Mutanen ƙauyen sun ga ya fito da Sa'idu a goye, kamar yaro. Daga inda ruwa ya ƙare aka ɗora shi a kan takarkari, Zarami yana tafe a gefe yana riƙe da shi, suka nufi tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. A hanya Sa'idu ya buɗe ido ya ce ai ya gaya wa mutane wata rana bawansa zai goya shi. Zarami ya ƙara riƙe shi. A inuwar tasha Sa'idu ya cika, jirgin bai iso ba.

Tun daga nan Zarami yakan yi gaisuwar jiki don ladabi kawai. In an ce da sauƙi, sai ya ce madalla, a ɗaga riga. Yakan duba mazagi ya ga inda tsohon ƙulli ya bar alama. In mace ce, ya sa a tambayi zagaye nawa zaninta yake yi yanzu. Yakan kira wanda ke ɗebo ruwa a gidan ya ji ta bakinsa. Wasu sun ji haushi, wani dattijo ya taɓa ce masa ba shi da ta ido. Ya haƙura, bai daina ba. Ya yi ta naci har aka yarda a riƙa aiko da allurar, yana ajiye ta cikin randa a kan jiƙaƙƙen yashi. Binta mai saƙar tabarma, wadda aka kawo da jikanta a baya ana cewa ciwonta na manya ne, yau tana nan tana saƙarta, kullum da safe ta biyo a yi mata.

Malam, kai ne wanda kuskure bai sa ka ɓoye fuska ba, bai kuma sa ka ɗora wa littafi laifi ba. Mu samarin da ko aji ba mu iya zama mun ƙare ba, mun ga mutumin da ya zauna a rumfa ɗaya yana gyara abu ɗaya shekara da shekaru. Mun gode, Allah ya saka. Masu karɓar aikin nan daga hannunka, don Allah ku tambayi abin da ke bayan gaisuwa, ku duba jiki kafin ku dubi gemu.

Abin da aka rasa dai ga shi: mutum ɗaya da bai kai arba'in ba, gonar shinkafa da ba a yanka ba a shekarar, shanu bakwai da aka sayar ɗaya bayan ɗaya, da uban 'ya'ya uku, ƙaramar cikinsu ba ta san fuskarsa ba.